Firji a soket ɗin na'urar ajiya

Jama'a, yau saura ƙiris in zagi wanda ya girme ni!

Kun san ofishin masu fiton kaya da nake kula wa da kwamfutoci a Magama, bakin bodar Jibiya. Da safe wuta ta zo da ƙarfi, ta ƙone manyan kwamfutoci biyun da ke riƙe da bayanan motoci. Direbobin Maraɗi sun cika ƙofa suna jiran takardu.

Na ce kowa ya kwantar da hankali, akwai na'urar da ke kwafe komai kullum. Na buɗe manhajar dawo da bayanai. Kwafin ƙarshe ya yi wata biyu!

Na ruga ɗakin baya. Na'urar a kashe, wayarta a ƙasa. A soket ɗinta na sola kuwa, firji ne ke ta gurnani!

Na ce wa manajanmu, "Alhaji Sada, wa ya cire wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Baƙi su taho daga Nijar cikin wannan rana, mu ba su ruwan zafi? Akwatin nan ko allo ba shi da, ban taɓa ganin kowa gabanshi ba."

Na ce, "Alhaji, aikin wata biyu ya tafi fa!"

Ya ce, "Kai ka ce kwafi ne kawai. Ina na asalin?"

Na asalin ne ya ƙone!

Yanzu ga ni gaban tulin takardu, ina sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya buɗe firjin, ya miƙo min ruwa, wai in sha in huce.

Abin da ya fi ƙona min rai, na karɓa na shanye.