Anti Mai Awo da damtsen ɗanta

Shekara tara ke nan da mota ta kife da 'yata a hanyar Gwagwalada, tana dawowa daga aiki a Tungan Maje. Ta fari ce, ba na kama sunanta. Mutanen Karmo Anti Mai Awo suke ce mata.

Mahaifinta faɗuwa ɗaya ya yi a bakin shagonsa, bayan ya daɗe yana kukan ciwon ƙeya. Aka ce jifa ne. Da ta yi karatu ta ce mini hawan jini ne, kuma da an auna shi da wuri, da an tare. Shi ya sa ta ƙare rayuwarta tana bi gida-gida tana binciken abin da muke ci da abin da ke kayar da mu.

Da farko gudunta ake yi. Mata suka ce na'urarta ta awon jini ce ke sa ciwon. Ni da na yi shekaru ina sayar da tuwo, ba wanda ya taɓa raina miyata, na zauna a tsakiyar kasuwa na naɗe hannun riga na ba ta damtsena. Ba a tashi kasuwa ba sai da layi ya kai wajen masu doya. Har gishiri da dunƙule ta sa na rage, na koma daddawa.

Yau da za ta leƙo Karmo, ban san me za ta ce ba. Yara na karyawa da lemon kwalba. Majiya ƙarfi na zubewa a masallaci, an koma cewa jifa ne.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne Kabiru, ɗanta tilo, direba a cikin gari. Kwanan nan na ga yana matsa ƙeyarsa, daidai inda kakansa yake matsawa. Na ce ya je a auna shi. Ya yi dariya ya ce, “Matata, so kike a samo mini ciwo ki auri wani?”

Ban yi dariya ba. Na binne miji, na binne 'ya.

Na'urarta na nan cikin adakata, ban iya karanta lambobinta ba, amma maƙwabciyata ta iya. Ranar Juma'a zai zo cin tuwo. Zan naɗe hannun rigata in fara miƙa nawa damtsen. Karmo gaba ɗaya ta bi ni a wancan karon. Ya Allah, ka sa ɗanta ma ya bi.