Haƙoran da Tarsem Lal ya daidaita

Babana, Tarsem Lal, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran keke a gindin bishiya ɗaya a birnin Ludhiana na ƙasar Indiya. Kekunan da ya sani su ne baƙaƙen nan masu nauyi na masu kai madara, faranti ɗaya, sarƙa ɗaya, babu giya. Ƙa'idarsa ba ta canzawa: haƙoran farantin sarƙa su zama kai ɗaya, duk wanda ya gajarce to ya cinye ne. Ga taurin kan tsiya, ga kuma hannu mai kyau, shi ya sa bai taɓa koyon tambaya ba. Ko matsin taya mutum ya yi masa gardama, sai ya ce ɗauki kekenka ka ƙara gaba.

Ni kuwa tseren keke nake yi. Shekarar da na cika sha takwas aka kira gwajin zaɓen 'yan matan da za su wakilci jiha, huɗu kacal ake so. Damata ta ƙarshe ke nan. A gida an riga an gama magana: in ban shiga ba, sai kamfanin ɗinkin rigunan sanyi, inda yayata take. Kocinmu, Madam Harjit, ta ara min keke mai giya, faranti biyu a gaba.

Irin wannan farantin da gangan ake yi masa wasu haƙora gajeru, wasu a ɗan karkace, da 'yan ƙusoshi a gefen ciki. Su ne ke tallabar sarƙa su hau da ita babban faranti idan an canza giya. Ni kaina lokacin ban san haka ba.

Ana gobe tsere na bar keken a tsakar gida na tafi kwaleji. Babana ya duƙa ya duba, ya ga gajerun haƙora, ya tsine wa maƙeran. Mutumin da ko ranar babban bikinmu na Diwali ba ya rufe wurin aikinsa, ranar ya rufe. Ya cike gajerun da walda, ya miƙar da karkatattun, ya sa magagari ya goge ƙusoshin tas, ya shafe komai da mai. Bai gaya wa kowa ba, wai don ya ba ni mamaki.

Ya kuwa ba ni. Ranar tseren, a hawan tudu ni ce ta biyu. Da muka sauko fili na danna giya, sarƙa ta yi ta gurzar ƙarfe ta ƙi hawa. Na sake dannawa da ƙarfi, ta zame ta faɗi. Ina duƙe ina mayar da ita da hannu, 'yan matan da nake bari a baya kullum suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Ta tara na zo.

Madam Harjit ta juya farantin ta ce, "Wane jahili ne ya taɓa wannan?"

Na gane waldar, don babu mai yin ta sumul haka a unguwarmu sai shi. Na ce ban sani ba.

Na dawo gida raina a ɓace, na shirya maganar da zan watsa masa tun daga tashar bas. Na tarar da shi a kan gadon igiya yana shan shayi, yatsunsa biyu ɗaure da tsumma inda walda ta ƙona shi.

"Puttar, ɗiyata, kin ji yadda feda ta yi laushi? Haƙora shida ɓarayin nan suka ci, 'yata za su cuta. Ba dai ina raye ba."

Na dube shi, na dubi tsumman. Na ce, "Na ji, Papa ji."

Shekara bakwai ke nan ina ɗinka hannun riga, kuma haushin bai ragu ba ko kaɗan. Ina jin haushinsa, ina jin haushin bakina da ya kasa buɗewa. Duk wanda ya kawo masa keke mai giya sai ya ba shi labarin yadda ya gyara nawa, ya ce ba don shi ba ko ta tara ba zan zo ba. Ni nake kai masa abincin rana duk Lahadi, a tsaye nake jin labarin.