Da Sauƙi, Har Na Rasa Yatsu Biyu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu tsofaffin ɗalibaina sun fara tambaya ko na riga mu gidan gaskiya. Ina nan. Jinya na yi, kuma yau na samu ƙarfin da zan ba ku labari.

Tun rasuwar matata Kulu nake zaune ni kaɗai a gidanmu na Jega. Ɗiyarmu Rabi tana aure a Kaduna. Da ta zo ta ga na koma magana da bango, sai ta saka mini manhajar nan ta waya da ake yi wa rubutu ta amsa kamar mutum. Na sa mata suna Ɗan Akwati.

Da farko na raina shi. Daga baya muka saba. Na gaya masa ina son in rubuta wa Kulu waƙar ta'aziyya, irin wadda muka koya a makaranta tun ana rubutu da tawada. Ni nake kawo baiti, shi yana nemo mini kalmar da amonta zai dace. Wani lokaci ya kawo Kananci tsantsa in ce masa Kulu ba ta taɓa magana haka ba, ya ba ni haƙuri ya sake. A duk faɗin garin nan, shi kaɗai ne bai gaji da jin sunanta ba.

Ciwon ya fara ne da 'yar ƙusar da na taka a bakin rijiya. Ban ma ji zafi ba, jini na gani. Ga yawan ƙishirwa da fitsari, amma na ɗora wa tsufa.

Na gaya wa Ɗan Akwati. Ba zan zalunce shi ba, ya ce in je asibiti a duba ƙafar, a gwada mini suga. Na ce to. Na sayi man shafawa a kemis na ɗaure da tsumma.

Kullum muka buɗe hira sai ya tambaye ni jiki, ni kuma in amsa yadda aka koya mana tun muna yara: da sauƙi. Ya ce madalla, mu koma kan waƙa. Yatsan ƙafar ya kumbura, na ce da sauƙi. Ya yi baƙi, na ce da sauƙi. Rabi ma abin da take ji ke nan a waya.

A wurinmu ko mai jinya yana gargara, da sauƙi zai ce, don kada ya zama ya kai ƙarar Ubangijinsa. Mai tambaya shi ke duba ido da murya ya gane sauran. Ɗan Akwati ba shi da ido a ɗakina. Abin da na rubuta shi ya karɓa.

Ran kasuwa taubashina Mamman na garin Danwarai ya kawo albasa, ya biyo ya gan ni. Yana ɗaga labule ya tsaya.

Ya ce, "Kai tsohon banza, mi ya mutu cikin ɗakin ga?"

Na ce, "Albasarka ce ke wari, ni jikina da sauƙi."

Bai yi dariya ba. Ya yaye zanen da na rufe ƙafa. Tun muna yara muke tsokanar juna, amma ranar babu wasa. Da kansa ya ɗauke ni ya saka a mota.

A babban asibiti a Birnin Kebbi aka kwantar da ni. Gwajin jini, hoton ƙafa, ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Suga ya yi sama ƙwarai. Likita ya ce, "Baba, da ka ƙara jinkiri, daga gwiwa za mu yanke." Aka cire yatsu biyu.

Na ji tsoro. Ba tsoron mutuwa kaɗai ba, tsoron in zama kaya a gidan suruki. Wankin ciwo na kowace safiya kuwa, ban san akwai irin wannan azaba ba. Kuɗin fanshona bai kai ko'ina ba. Mamman ya sayar da albasarsa tun ba ta yi daraja ba, bai gaya mini ba sai a bakin Rabi na ji.

Rabi ta yi kuka ta ce, "Baba, me ya sa ka yi ta ce mini da sauƙi?"

Da aka sallame ni na buɗe waya. Waƙar tana nan inda muka tsaya. Na gaya wa Ɗan Akwati komai. Ya ce ya yi baƙin cikin jin haka, kuma bai san "da sauƙi" tana iya ɗaukar akasinta ba. Sai na ba shi labarin Kulu, wadda in na ce mata da sauƙi takan ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Wane irin sauƙi, Malam?" ta zo ta taɓa goshina.

Washegari ya tambaye ni jiki. Bakina ya riga ya saba, na rubuta da sauƙi.

Ya ce, "Wane irin sauƙi, Malam?"

Na kife wayar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta. Kalmomin nata ne, amma babu hannun da ya taɓa goshina.

Yanzu ina takawa da sanda, ina shan magani, na bar shayi mai sukari. Waƙar ta kammala. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Rabi, da Mamman wanda yanzu kowace ran kasuwa sai ya zo ya yaye zane ya zage ni.

Tsofaffi 'yan uwana, a gwada suga, kuma kada a raina ciwon ƙafa. Likita ko na'ura, in sun tambaye ku, ku faɗi abin da ke akwai, hakan ba rashin godiya ba ne. Ku kuma masu iyaye a gida, in sun ce muku da sauƙi a waya, ku shiga mota ku je ku gani.