Ƙwaryar da Gwaggo Zalika ta ƙi

Daga Barmu har Takanamat, in ana maganar zanen ƙwarya, sunan gwaggona Zalika ake fara kira. Ita ma ta san haka, kuma ba ta bari kowa ya manta. Shekara arba'in tana cewa hannunta bai taɓa karkacewa ba.

A shekarar 1964 Alhaji Almustafa, tsohon tafinta, ya buɗe ɗakuna biyu a gidansa na Tawa don mutane su ga kayan da ya tara: takubba, jakunkunan fata, sirdin raƙumi, ƙore masu zane. Ni na kai ta, ranar kasuwa, kuma har yau ina ganin wautata.

Ta bi kayan tana taɓe baki har muka iso gaban wata tsohuwar ƙwarya. Rabin zanenta tsaf, rabi kuwa kamar kaza ta yi tonon tsaba. Gwaggo ta tsaya cak. Ta ce in karanta mata takardar da ke jiki. Na fassara: aikin wata macen zamanin da, ba a san sunanta ba.

"Zamanin da? Ni ɗin?" Sai ta kama bakinta, don matan Barmu uku na bayanmu.

Ashe ƙwaryarta ce ta farko, tun tana yarinya. In ta yi shiru, an binne ta da rai. In ta yi magana, cika bakin shekara arba'in ya zube.

Lahadi ta gaba ta kawo sabuwa, kyakkyawa, ta ce a musanya. Alhaji ya ce, "Hajiya, irin wagga ta cika kasuwa. Waccan nika so. Dubi rabin ga, hannun gwana na."

Gwaggo ta daɗe tana kallon rabin da ya nuna. Wannan gefen mahaifiyarta Saratu ce ta zana, tana koya mata, a shekarar da ta rasu. Ban taɓa jin tausayin gwaggo ba sai ranar.

Ta juya ga matan Barmu, waɗanda gulma ta sake kawowa. "To, ku ji da kyau. Karkataccen nawa na. Alhaji, a gyara takarda, a sa Saratu ta Barmu. Tana da suna."

Alhaji ya ɗauko alƙalami ya ce, "Naki hwa?"

Ta ce, "Rubuta da ƙananan baƙaƙe."