Uwar Ciyawa da guragun tsirranta

A wurin aiki Uwar Ciyawa ake ce mata, a gida kuwa yayarta cewa take an yi boko mai zurfi an ƙare a kiwon abin da akuya ma ba ta kallo. Ba ta taɓa jin haushi ba. Ƙuruciyarta kaf ta ƙare a wani ɗaki mai fararen fitilu, tana renon wata 'yar ciyawa a ƙananan tukwane.

Ga abin da take bincike a kai. Zaren gado na tsiro, DNA, a naɗe yake tam, kuma akwai furotin da ke sassauta naɗin domin a manna wa zaren alamomin metil, masu hana wasu sassansa aiki. Ciyawarta ba ta da wannan furotin, don haka alamomin na zubewa. Duk zuriyar da ta shuka sai ta fi ta baya lalacewa: ganye a murɗe, kara gajere, fure a karkace. Lalacewar nan ita ce dukiyarta, don ita ce shaidar bincikenta. Zuriya ta ƙarshe da kyar ta ba da iri, ta shuka shi duka, kuma ritaya ta ƙarato.

Sai ciwon mijinta ya tashi. Ta tare a asibiti, ta bar ɗakin a hannun sabon mai kula da shuka, dattijo da ya goge a aikin lambu. Ta gaya masa ruwa, ta gaya masa haske, amma hankalinta na gadon asibiti, ba ta gaya masa abin da ya fi komai muhimmanci ba.

Bayan ta fita takaba ta dawo. Tukwanen sun yi kore shar. Irin lafiyayyar ciyawa ne daga teburin kusa ya faɗa ciki ya tsira.

"Baba, ina ƙananan? Masu murɗaɗɗen ganye?"

"Ai na cire su, ranki ya daɗe," in ji shi, yana murmushi. "Cinye wa masu lafiya taki kawai suke. Na ce kada ki dawo da baƙin ciki ki tarar da guragu."

Wallahi da mugunta ce, da ta sami wanda za ta yi wa faɗa. Ta dubi dattijon yana jiran yabo, zuciyarta ta karye.

"Sun yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ta zauna a kan kujera, ta yi kukan da ba ta iya yi ba ranar jana'iza.