Jinin da Muka Kira Tsargiya

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Sule, amma har yau in na ji an ce wa mai fitsarin jini "ai tsargiya ce", sai raina ya ɓaci.

Mu 'yan Roni ne. Da kuɗin man fetur suka ɓarke, samarin garinmu suka jefar da fartanya suka nufi masaƙun Kano. Yaya Sule ya samu aiki a sashen rini na wata masaƙa. Da hannu suke dama galura, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. In ya yi kaki, launin aikin ranar ne ke fitowa. Ya zo mana Sallah da rediyo da keke sabo fil, Inna har da guɗa.

Bayan wasu shekaru ya fara ganin jini a fitsari. Wa zai damu? A wajenmu duk namijin da ya taɓa wanka a kududdufi ya ga wannan jinin, har dattawa na cewa alamar balaga ce. Da ciwon mara ya matsa, aka yi masa aiki aka ciro tsakuwa daga mafitsara. Likita ya ce ya ga wani tsiro da bai kwanta masa ba, lallai ya dawo, kuma ya bar rini.

"Yaya, ka koma mana," na ce da shi.

"Ke Hanne, ba an cire abin ba? In na bar aiki, ke za ki ci da gidan?"

Bai koma ba sai da fitsari ya ƙi fita sam. Sannan aka ce ciwon daji ne, ya riga ya cinye mafitsarar. Ƙato kamar Yaya Sule, sai ga shi ni da matarsa muke juya shi a tabarma. Wayyo, ban taɓa jin namiji yana kuka a makewayi irin nasa ba.

Makon jiya a hanyar Gwiwa na ga matasa suna feshin maganin ciyawa ba ko riga, ɗayansu yana dama shi da hannu a bokiti. Da yana raye, ban sani ba ko zai tsawata musu, ko zai ce su ma da iyalin da suke ciyarwa. Masaƙar kuwa an rufe ta tuntuni, kuma ko gaisuwar mutuwa ba su aiko mana ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Abin da ya rage mini naka zanen da ka ba ni na aure ne, rinin sashenku. Na wanke shi har zaren ya fara mutuwa, launin ko gezau. Galurar nan, wallahi, ba ta sakin abin da ta kama.