Na Zaunar da Mahaifina a Jirgi, Na Koma Ɗauko Gero

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, ban daɗe da fara koyarwa ba a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Dungas. Mushe ake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin lakwal da faransanci, kuma sunan ya hau mini kai. Ina da agogon hannu, ina da wando mai kari, ina jin faransanci, don haka a ganina babu abin da ya gagare ni sani. Har na taɓa gaya wa mutanen gidanmu cewa na shiga jirgin ƙasa a Najeriya lokacin da nake karatu. Ƙarya ce tsagwaronta. A ƙasarmu babu jirgin ƙasa, ni kuwa a littafin yara kawai na taɓa ganin hotonsa. Na faɗi haka ne don a ƙara ganin girmana, kuma aka gani.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, Allah ya ba mu ɗan abin da muka samu a gona. Mahaifina kuwa ciwon yana ya rufe masa ido biyu, har ya zama sai an ja shi zuwa masallaci. Aka ce a Kano ana cire irin wannan yanar mutum ya koma gani. Baffana, ƙanen mahaifina, ɗan kasuwa ne da ya san hanyoyin can kamar tafin hannunsa. Ya ce a jira shi ya dawo daga cin kasuwar Magarya, shi zai kai yayansa da mota, da rana tsaka. Ni na ƙi. Na ce mota za ta jijjiga tsoho, jirgi ya fi, kuma hutun lakwal ɗina gajere ne. Gaskiyar kuwa so nake in hau jirgin nan ko ƙaryata ta zama gaskiya. Baffa ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata na san kan abin, na ce ya bar mini. Mahaifina ya ce a bar yaron, ai ya yi karatu.

Muka tashi da sanyin ƙarshen shekara, muka ƙetare iyaka ta Maigatari, muka bi ta Gumel har zuwa wata ƙaramar tasha da jirgin Nguru ke tsayawa a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Kayanmu ƙunshi ɗaya ne, a ciki akwai gwadon Baba da rigunansa, sai rabin buhun gero da mahaifiyata ta sussuka da hannunta. Ta ce ba a sauka gidan dangi a birni hannu rabbana, balle a irin wannan shekara. Mun isa da la'asar. A nan na fara jin abin da ban sani ba: jirgin sai wajen ƙarfe biyun dare yake zuwa, kuma ba kullum ba. Wani dattijo mai aikin tashar, mai riƙe da fitila, ya dube mu ya gane baƙi ne. Ya ce in jawo kayana bakin layi tun da ido na gani, in jirgi ya tsaya in fara jefa kaya ciki, sannan in cusa tsoho, ni ma in bi, domin ba ya jiran kowa. Na yi masa godiyar da ba ta kai zuci ba. A raina na ce wannan bai san tarbiyya ba. A wurinmu wa zai bar ubansa tsaye cikin duhu ya tsaya hidimar buhu? Babba ake fara zaunarwa, kaya su biyo baya. Kuma duk kamyo, wato babbar mota, da na taɓa shiga, in kayan mutum na ƙasa ba ya tashi, in ma ya tashi ihu ɗaya za a yi direba ya taka birki. Sai na bar kayan a gindin wata bishiyar bedi, can nesa da layi, inda muka shimfiɗa tabarma.

Ƙarfe biyu ta yi babu jirgi, uku ta wuce babu. Na yi ta duba agogona kamar shi zai kawo shi, har barci ya sace ni. Baba ne ya tashe ni, domin kunnensa ya riga na kowa ji. Kafin in wartsake abin ya iso da ƙara da haske, mutane suka yi caa a kansa. Matakalar tana da tsawo, na ɗaga tsoho da ƙyar na tura shi, na ja hannunsa cikin cunkoso ina tsallake ƙafafun masu barci har na samar masa gefen benci. Na gyara masa zama. Har na tsaya na gaisa da mutumin da ke kusa da shi, na tambaye shi gida da iyali, na ba shi amanar tsoho na ɗan lokaci. Sannan na gaya wa Baba zan ɗauko gero in dawo yanzu. Ya ce to, in yi a hankali da duhu.

Na sauka na ruga gindin bedi, na rataya ƙunshi, na ɗora buhu a ka. Ina juyowa na ga fitilun tagogi suna tafiya. Na ɗaga hannu ina ihu a tsaya, akwai mutum, kamar yadda ake yi wa kamyo a kasuwa. Abin da har yau ban yafe wa kaina ba shi ne gudun da na yi da buhun nan a kaina. A farko jirgin a hankali yake tafiya, da na yar da shi da na kama ƙofa. Amma wanda ya ga shekarar da muka fito daga cikinta, ya ga mata suna tonon gidan tururuwa don tsaba, hannunsa ba ya sakin gero da sauƙi. Ban ma yi tunanin sakinsa ba sai da taragon ƙarshe ya wuce ni. Na tsaya a kan duwatsun layi, kuɗin Baba da takardunsa a aljihuna, gwadonsa a kafaɗata, shi kuma makaho an tafi da shi da riga ɗaya.

Dattijon mai fitila bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya ce in kwantar da hankalina, in jira shugaban tashar ya gama sallamar jirgi, za a buga waya tashoshin gaba a tambaya. A nan na sake yin wauta ta biyu. Na ji ana cewa akwai motar gyaɗa da za ta kama hanyar Kano da asuba, sai na ga tsayawa ɓata lokaci ne. Lissafina na ɗan lakwal ya ce jirgi Kano za shi, tikitin Baba na Kano ne, saboda haka Baba yana Kano. Ban ko yi wa dattijon sallama ba na bi motar.

Kwana takwas na yi a Kano ina yawo kamar mahaukaci. Dangin da muka nufa suka taya ni. Mun duba tasha, mun duba asibitoci, mun bi masallatai, har inda makafi ke zama na je ina leƙa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Rana ta tara Baffa ya iso, saƙo ya same shi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce na yi ta neman inda jirgi ya tafi, ban nemi inda yayansa zai tafi ba. Ya ce mutumin da ya sani ba zai yarda a yi gaba da shi ɗansa na baya ba.

Muka koma muna bin tashoshi. A tashar da ke bin wadda na rabu da shi, muna fara tambaya aka ce an san tsohon. Wai jirgi na tsayawa ya matsa wa mutane sai da suka sauke shi, ya ce yaronsa na baya ya koma ɗauko gero. Ya zauna jikin bangon tashar. Mutanen garin sun yi masa kirki, sun kawo masa abinci da buhun rufa, sun roƙe shi ya shiga gari ya kwana a ɗaki, ya ƙi, wai kada yaron ya zo da dare ya rasa shi. Da suka tambayi sunana, sai ya ce mushen lakwal ne, domin ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kama sunana ba. Ya ce musu kada su damu, yaron ya san jirgi sarai, ya sha hawa. Duk daren da ya ji ƙarar jirgi sai ya dafa bango ya miƙe, ya tsaya har ta ɓace. Sanyi ya kama masa ƙirji. A rana ta shida limamin garin ya sa aka ɗauke shi ba da son ransa ba, washegari da dare ya cika. Kwana uku da binne shi muka iso.

Da muka koma gida na durƙusa gaban mahaifiyata na gaya mata komai, har da ƙaryar. Ta ce kwanansa ne ya ƙare, Allah ya riga ya rubuta ƙasar da za ta rufe shi. Na yarda da haka, ni musulmi ne. Amma na san da hannun wa aka kai shi can, kuma wannan sanin bai bar ni ba har na yi furfura.

Na rubuto ne saboda matasa masu ɗan ilimi irin nawa na wancan lokaci. In ba ka san abu ba, ka ce ban sani ba, kunyar ta yini ɗaya ce. In ka je baƙon wuri wanda ke aiki a wurin ya ba ka shawara, ka bi, ko da ta saɓa wa yadda kuke yi a gida. In kana jan tsoho ko maras lafiya a hanya, kada ka saki hannunsa saboda kaya, ko mene ne a cikin kayan. In kuma ƙaddara ta raba ku, ka fara nemansa kusa da inda kuka rabu. Bayan shekaru na koma ziyarar kabarinsa, na bi gefen layin da ƙafa daga tashar farko zuwa ta biyu, don in san nisan da ke tsakanina da shi a daren nan. Na tashi da hantsi, kafin a kira la'asar na isa.